RIGA BIYU, ANGO ƊAYA

Shafi na 31

Masoyan Rilwanu, ku da kuka cika min waya da saƙo kuna cewa in daina wahalar da bawan Allah, ku gyara zama. Wallahi ni ma ina sonsa, amma yau hannuna ba ya cikin kare shi.

*

Tun da Gwaggo Delu ta zauna a kan dardumar da Inna ta shimfiɗa mata, ko kallon ruwan da aka kawo ba ta yi ba. Ƙunshin da ta shigo da shi yana kan cinyarta, ta dafe shi da hannu biyu.

Radiya ta durƙusa daga bakin labule.

"Ina kwana, Gwaggo."

"Lafiya lau. Matso mana, amarya, ai ba na cizo."

Inna ta yi 'yar dariya. "Kunya ce, Hajiya Delu."

"To ta ajiye ta a waje, yau magana na zo yi."

Radiya ta matso. Ta san wace ce a gabanta. Yayar mahaifin Rilwanu ce, ita ta goye shi tun rasuwar mahaifiyarsa, kuma a gidansu na Limancin Kona ba a ɗaura auren da ba ta gyaɗa wa kai ba. Gidan masu allura ne kaka da kakanni. Al'adarsu guda ce da ba sa wasa da ita: ranar ɗaurin aure, ango ba ya saka babbar riga sai wadda amaryarsa ta yi wa aiki. Ita kuwa Radiya tuni ta ba Rilwanu tata ya kai, ga shi biki Asabar mai zuwa.

Gwaggo ta kwance ƙunshin a hankali, ta warware rigar, ta baza ta a tabarma.

Farar shadda ce, aska takwas, an cike ƙirjinta da zare ruwan ƙasa tun daga wuya har ƙasan aljihu. Aiki ne na gani na faɗa.

Radiya ta kalli rigar. Ta sake kallo.

Tata ruwan sararin sama ce.

"Barka da hannu na zo yi miki," in ji Gwaggo. "Ranar da Rilwanu ya kawo min ita ya ce ga aikin amaryarsa, sai da na fito da ita rana na duba. Wa ya koya miki wannan ciko haka, 'yar nan?"

Inna ta ɗago, ta yi wa Radiya wani kallo mai cewa ki rufa mana asiri, a rabu lafiya, sauran magana a yi ta daga baya.

Radiya ta ga kallon. Ta kuma ga fuskar Rilwanu a ranta, da murmushin nan nasa mai sa ta manta abin da take shirin faɗa. Kalma ɗaya ce kawai. Ta ce "na gode, Gwaggo," shi ke nan an wuce wurin.

Ta gyara zaman mayafinta.

"Gwaggo, ba aikina ba ne."

"Na'am?"

"Wallahi yau na fara ganin rigar nan."

"Radiya!" Inna ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Inna, ki yi haƙuri. Ba zan shiga gidan mutane da rigar da ban sani ba."

Can sai Gwaggo ta miƙa hannu ta ɗauki kofin ruwan nan, ta sha sosai, ta ajiye.

"Alhamdulillahi. Da kin ce naki ne, da yanzu na kai bakin titi."

Ta zura hannu cikin aljihun rigar, ta juyo da cikinsa waje. Can a lungu, inda ido ba ya kaiwa, ga ɗigon koren zare guda uku a jere.

"Kin ga wannan? Kowace mace mai aiki a unguwarmu tana da alamarta a cikin aljihu, don kada dillali ya haɗa rigarta da ta wata. Ta Hajiya Asabe baƙi ce, ta matar Liman ja. Kore tawa ce. Ni na yi rigar nan da idanuna biyu da tabarau. Bahago dillali ya karɓe ta bayan babbar sallah, ya kai kasuwa. Ɗan da na goya ya je ya sayo ta, ya kawo min har ɗaki."

Inna ta rufe baki da gefen zaninta. Ba ta san dariya za ta yi ko salati ba.

"Har da cika min baki," Gwaggo ta ci gaba. "Wai, 'Gwaggo duba hannun Radiya, ko ke sai kin yi da gaske.' Na ce lallai, sai na yi da gaske."

Ni kaina mai rubutun nan sai da na ce, kai Rilwanu, duk rigunan da ke kasuwar Zariya!

Gwaggo ta sassauta murya.

"Ni ban zo da faɗa ba. Na ce ƙila yarinya ce 'yar boko, koyarwa ta cinye mata lokaci, ba ta iya riƙe allura ba, shi kuma ya ji kunyar faɗa. Wannan ai ba laifi ba ne. Ki shigo gidan, wata uku a gefena za ki iya."

Radiya ta ɗago kai.

"Wace koyarwa, Gwaggo?"

"Ba a makarantar yara kike ba, can Tukur-Tukur?"

Radiya ta kafe Gwaggo da ido. Ashe ba rigar kaɗai Rilwanu ya canza ba. Har ita ya canza.

"A Tukur-Tukur nake, amma ba a makaranta ba." Muryarta ko rawa ba ta yi ba. "A kamfanin surfani nake aiki. Ni nake zana aikin a kwamfuta, inji ya ɗinka. Ni ce shugabar layin mata."

Hannun Gwaggo ya tsaya cak a kan rigar.

Ta juya a hankali ta leƙa tsakar gida ta gefen labule. A kan igiyar shanya, rigunan aiki shuɗaye guda biyu suna lilo, kowace da tambarin kamfanin a ƙirji.

"Har biyu ma gare ki," ta ce.

Radiya ta kawar da idonta daga igiyar.

Gwaggo ta ciro wayarta daga lalita, ta danna da ƙarfi kamar wayar ce ta yi laifin.

"Kai. Shigo."

*

Da sallama Rilwanu ya shigo, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe da Inna kansa a ƙasa. Ƙamshin turarensa ya riga shi cika ɗakin, turaren da ita Radiya ta zaɓar masa. Dogo, wankan tarwaɗa, idanu masu sanyi. Ko yanzu da ranta ke tafasa, sai da zuciyarta ta yi abin da ta saba yi in ta gan shi. Ta tsawatar mata.

Sai idonsa ya sauka kan farar rigar, aljihunta a juye.

"Ka san wannan zaren?" in ji Gwaggo.

"Gwaggo, ni..."

"Ba ka sani ba. Ina za ka sani? Kana bayana a goye allura tana hannuna. Da ita na yi maka kaciya, da ita na kai ka makaranta. Ka girma kana ganin riguna suna fita ta zaure, ko sau ɗaya ba ka taɓa zura ido cikin aljihu ba. Duk haka kuke, kai da ubanka."

Zufa ta tsattsafo masa a goshi.

"Malam Rilwanu."

Ya ɗago da sauri. Tun da suke Radiya ba ta taɓa kiransa haka ba.

"Ina rigata?"

"Tana... tana but ɗin mota."

"Tun ranar?"

"Radiya, ki bari in yi miki bayani."

"Za ka yi. Ɗauko ta tukuna."

Ya kalli Gwaggo, ya kalli Inna. Babu wadda ta cece shi. Ya tashi ya fita, don mota ba ta shiga lungunsu na Ƙofar Galadima, can bakin titi ya bar ta.

Yana fita Gwaggo ta juyo wajen Radiya gaba ɗaya.

"Kin san mata nawa kamfaninku ya zaunar? Da, in kika shiga Limancin Kona da hantsi, kowane gida mata ne a inuwa, riga a cinya. Da allurar nan bazawara take ciyar da marayu. Da ita ake yi wa 'ya kayan ɗaki, ba tare da an taka ƙofar gida ba. Yanzu abin da zan yi wata huɗu ina yi, ƙarfenku ya tofo shi kafin a yi la'asar. Bahago da ke sintiri a zaurenmu, yanzu sai na aika sau uku. Akwai matar da ta sayar da tabaraunta, ta ce me za ta gani da shi. Ku ne. Ke ce."

Idanunta sun kaɗa. Radiya ta ji maganar har cikin ƙashinta, don ta san ba ƙarya a ciki.

"Gaskiya ne, Gwaggo. Ban musa ko ɗaya ba."

"To?"

"To ko na bar aikin yau, injin ba zai tsaya ba. Namiji za su ɗora a kujerata gobe da safe. Mata ashirin da ke layina, ni na yi ta faɗa har aka ɗauke su. Rabinsu 'ya'yan masu allurar nan ne da kike magana."

"Gadonmu ne kuka kashe."

Inna ce ta yi gyaran murya. Ita da ba ta son hayaniya, sai ga shi ta ajiye carbinta.

"Hajiya Delu, ki gafarce ni. Ni da ke mun san aikin riga ba gadon mata ba ne. Na maza ne, a zaure suke yi. Iyayenmu kaɗi suka sani. Na buɗi ido na ga mazari a hannun tsohuwata, har zaren masaƙa ya shigo gari aka daina sayen nata. Ta yi kuka kamar yadda kike yi yanzu. Ku ne 'yan matan lokacin kuka ɗauki allurar maza, aka yi ta zaginku, wai mace da aikin riga."

Gwaggo ta kawar da kai.

"Har Liman na lokacin sai da ya aiko gidanmu," ta ce can ƙasa, kamar ba da su take ba. Sai kuma ta farga, ta ɗaure fuska. "Amma a cikin gida muka yi! Ba mu saka rigar maza mun hau adaidaita muna goga kafaɗa da ƙattai ba. Autata Sumayya ma da na bari take zuwa koyon kwamfuta, sai da na sa ta dafa min Alƙur'ani ba za ta bi ta layin kamfanin nan ba."

Radiya ta sunkuyar da kai. Wata magana ta zo mata har baki, ta haɗiye ta. Akwai amanar da ba tata ba ce.

*

Ya dawo da leda a hannu, ta yi ƙura, gefenta ya taɓa baƙin mai.

Radiya ta karɓa. Ta goge ledar da gefen mayafinta, ta zaro rigar, ta baza ta kusa da farar.

Ruwan sararin sama, aikin azurfa. Askakenta sirara ne, sun miƙe kamar za su tashi, tambarin baya kuwa zagayen ganuwar Zazzau ne da ƙofofinta. Makonni ta yi tana zana shi tana gogewa. Ranar ɗinkin ba ta bar kowa ya taɓa injin ba, da kanta ta zura kowane zare.

Gwaggo ba ta so ba, amma hannunta ya riga ta. Ta kama gefen rigar, ta juya bayan aikin, ta bi shi da babban yatsa.

"Zanen ba laifi," ta ce da ƙyar. "Amma babu zufar mutum a jiki."

"Duba aljihun, Gwaggo."

Ta juyo da shi. Babu ɗigo. Rubutu ne siriri da zaren azurfa: Radiya Inuwa.

"Ke kore kika saka don dillali ya gane ki," in ji Radiya a hankali. "Shekara arba'in manyan mutane suna yawo da hannunki a ƙirjinsu, babu wanda ya san sunanki. Har ɗanki. Ni sunana na rubuta."

Gwaggo ta saki rigar kamar ta ƙone ta.

Radiya ta juya wajensa.

"Yanzu yi bayanin."

"Tsoro na ji." Muryarsa ta dushe. "Na san Gwaggo. Na san in ta ji kamfani, magana ta ƙare. Na ce a ɗaura tukuna, in kin shigo suka san halinki, sai in faɗa a hankali. Wallahi tsoron rasa ki ne ya sa, Radiya."

"Sai ka ɓoye ni a but ɗin mota."

"Ba haka..."

"Kusa da tayar safaya. Kai ne kake zuwa ɗaukata a ƙofar kamfani. Kai ne ka ce in na saka rigar aiki ina maka kama da matuƙiyar jirgi. Ranar da aka ba ni shugabancin layi har tsire ka saya wa ƙawayena. Ashe duk a Tukur-Tukur alfaharin yake tsayawa, ba ya shiga ganuwa."

Hawaye ya cika mata ido, ta ƙi barinsa ya sauko. Shi ne ma nasa ya zubo, a gaban surukarsa, bai ko share ba.

Gwaggo ta buga tafin hannu a cinya.

"Ya isa. Ni mai gaskiya ba ta ba ni haushi, kuma kin yi gaskiya, 'yar nan, na ba ki wannan. Don haka zan ba ki ƙofa. Ki ajiye aikin kafin Asabar. Ya saka farar, in ce na yafe al'ada bana, babu mai tambayata. In kuwa kin zaɓi inji, to ki zauna da injinki, mu koma da ɗanmu."

Inna ta runtse ido tana motsa baki.

"Gwaggo, ina son ɗanki," in ji Radiya. Ba ta taɓa faɗar haka a gaban manya ba, kuma ba ta sunkuya ba. "Ina sonsa sosai. Zan yi miki biyayya, zan zauna a gefenki ki koya min cikon nan, don wallahi inji bai kai shi ba. Amma aikina ba zan ajiye ba."

"To kin zaɓa."

"Ni tun kafin in san shi na zaɓa. Shi ne bai zaɓa ba."

Ta ja farar rigar ta gyara mata zama. Ta ja shuɗiyar ta gyara. Riga biyu a tabarma ɗaya, shi a durƙushe a tsakiya.

"Wacce za ka saka ranar Asabar? Faɗa nan, a gaban wadda ta goye ka. Ba na son wadda za a faɗa min a waya."

Rilwanu ya kalli farar. Ya kalli hannun Gwaggo, yatsun da allura ta huda har suka yi kanta.

"Gwaggo," ya ce, "ke ce uwata. Ko a lahira ke zan nuna. Na yi miki ƙarya, na yi mata, ku yafe min."

Ya miƙa hannu ya ɗauki farar da hannu biyu. Radiya ta bi hannunsa da kallo.

Ya ninke ta a hankali, yadda ya ga ana yi tun yana yaro, ya ɗora ta a cinyar Gwaggo.

Sannan ya ɗauki shuɗiyar, ya miƙe tsaye, ya zura ta a wuya.

Ta zauna masa kamar a jikinsa aka ɗinka ta. Ya naɗe hannayen a kafaɗa, azurfar ta kama hasken taga. Sai a lokacin hawayen Radiya ya sami hanya.

Gwaggo ta miƙe, ta rungume farar rigar a ƙirji.

"Madalla. Ka kyauta." Muryarta ta yi sanyi ƙalau, irin sanyin da ya fi ihu ban tsoro. "To ku ji da kyau, ke ma Ummukulsum, uwar amarya, ki zama shaida. Muddin ina numfashi, macen da ta taɓa injin nan ba za ta kwana a gidanmu ba. Ko wace ce ita. Ko 'yar wa ce. Na rantse da..."

"Salamu alaikum! Inna, kin wanke min tawa? Kai, Allah ya bar min ke!"

Muryar daga tsakar gida ta fito, da gudu-gudu, da ƙarar cire kaya daga igiya.

Radiya ta gane muryar nan take.

"Oga Radiya! Fito mana, mai adaidaita na jira! Yau in muka makara injina zai..."

Aka yaye labulen. Ko takalman da ke bakin ƙofa ba ta kalla ba. Hijabinta a kafaɗa, hannu ɗaya ya riga ya shiga shuɗiyar rigar aiki, tambarin kamfanin a kan ƙirjinta, dariya cike da bakinta.

Farar rigar ta sulale daga hannun Gwaggo ta faɗi ƙasa.

"Sumayya?"